Abin da Baba Ya Ce Game da Matar da Ke Rikiɗa

Shekarar da idon Baba ya rufe gaba ɗaya ina koyarwa a wata firamare a Ikara. Ranar Juma'a nakan hau mota in tafi gida Paki, in dawo Lahadi da yamma. Ciwon ya daɗe yana cinsa a hankali. Da farko gefe-gefe ne ba ya gani, ya riƙa tuntuɓe da turmi yana faɗan wa ya ajiye shi a hanya, alhali tun ina yarinya turmin nan a wurin yake. Da muka kai shi asibiti a Zariya, likita ya ce an makara, jijiyar idon ta riga ta mutu. Baba ya yi masa godiya, ya ce ya gai da mutanen gida, muka fito.

Mutum ne da bai iya zama ba. Masara da barkono ya noma duk rayuwarsa, da rani kuma ya sauka fadama ya yi tumatir. Sai ga shi a kan tabarma a gindin mangwaron tsakar gida, daga safe har la'asar, rediyo a gefensa, ba ya ko sauraronta. In ya ji ƙarar garma ana wucewa da shanu ta bayan katanga sai ya ɗaga kai ya bi sautin har ya ɓace.

Da aka ba da dogon hutu na damina na tattara na dawo gida. Mu huɗu ne a gidan: Baba, Inna, autarmu, sai ni. A lokacin wasu littattafai sun ɗauke mini hankali. Wata marubuciya ce ke sakinsu a waya, shafi-shafi, an gama na ɗaya da na biyu ana cikin na uku. Labarin wani gari ne mai zuri'a biyu a ɓoye cikin mutane. Zuri'a ɗaya jinin mutane suke sha, ba sa tsufa, ba sa iya fita cikin rana. Ɗayar kuma rikiɗa suke yi su koma kuraye. Muna da guruf na masu karatu, mata zalla, daga Zariya da Kano da Kaduna da sauran wurare, ba wadda na taɓa gani ido da ido. Duk shafin da aka saki sai an yi ta muhawara a kansa har caji ya ƙare.

Wata rana bayan la'asar ina tsince shinkafa kusa da Baba, na kunna saƙon murya na wata daga cikinsu tana masifa wai an kashe mata wanda take so a labarin. Na yi dariya. Baba ya juyo.

"Uwata, wa ya rasu kike dariya?"

Haka yake kirana. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa faɗin sunana ba. Abin da na sani game da ita shi ne ta rasu tun kafin ya yi aure, shi ke nan.

Na ce, "Ba kowa, Baba. A littafi ne."

"Wane irin littafi?"

Kunya ta kama ni. Na ce na tatsuniya ne kawai, na aljanu da kuraye, ba abin da zai so ba ne. Ya gyara zama ya ce, "Ni da ba ni da abin yi, har zaɓe zan tsaya yi? Karanto."

Na koma littafi na ɗaya na fara masa daga farko. Kullum bayan la'asar in zauna a bakin tabarmarsa in karanta shafi uku ko huɗu. Duk inda na zo wurin soyayya sai in tsallake. Ba a yi kwana biyar ba ya gano ni.

"Kin yi tsalle. Ɗazu suna bakin ƙofa, yanzu ga su a kasuwa."

"Ba wani abu ba ne a wurin, Baba."

"To, na gane irin abin da ba wani abu ba. Ci gaba."

Inna tana madafa tana jinmu, ta ce tsofai-tsofai da shi ya zauna ana karanta masa shirme. Amma na lura ta daina daka a daidai lokacin, ta mai da shi safe.

Baba ba mai sauraro shiru ba ne. Da marubuciyar ta ce kura ta hau bishiya ta laɓe, ya tsayar da ni.

"Wannan yarinyar ba ta taɓa ganin kura ba, ko ta masu wasa. Kura ba ta hawa bishiya. Ƙafafunta na baya gajeru ne, tafiyarta ma kamar mai ciwon kwankwaso."

Da aka zo kan saurayin nan mai shan jini da ba ya fita sai rana ta faɗi, ya ce, "To yaya yake noma?"

"Ba ya noma, Baba. Mai arziki ne."

"Shi ya sa yake da lokacin shan jinin mutane."

Na rubuta wannan maganar a guruf, aka yi ta dariya. Daga nan kullum sai an tambaye ni me Baba ya ce yau. Ni kuma in karanta masa nasu ra'ayin. Akwai wata malamar Islamiyya da ke cewa littafin ɓata lokaci ne, yana koya wa yara tsoron abin da ba Allah ba, amma kullum ita ce ta farko da ke gama karanta sabon shafi. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke jin haushin yadda ake zuba jini a kwalba a ajiye kamar zoɓo. 'Yan matan cikinmu duk sun mutu a kan saurayin mai shan jini, wai yana da tausayi. Wata kuma ta dage cewa masu shan jinin nan ba namu ba ne, daga finafinan waje aka kwaso su, kurayen ne kawai na gida. Baba ya ce wannan ta fi kowa hankali. Ya san su da muryoyinsu, har ya raɗa musu suna: mai wa'azi, mai allura, mai gardama. A makonnin nan ya ƙara cin abinci. Har ya fara sa autarmu ta riƙe masa hannu zuwa masallaci, abin da ya ƙi yi tun da idon ya rufe.

Mun cimma sauran masu karatu a tsakiyar littafi na uku. A nan ne aka saki shafin da ya canja komai. Akwai wata bazawara a labarin, mai sayar da ƙosai, wadda tun littafi na biyu ake zargin tana cikin masu rikiɗa. Wani yaro ya ɓata. Mutanen gari suka kewaye gidanta, suka jawo ta waje, suka yaga mata zane, suka cinna wa ɗakinta wuta, suka kore ta da jifa. Marubuciyar ta iya rubutu, ta kawo abin kamar kana wurin. Na karanta har ƙarshe Baba bai tsayar da ni ba ko sau ɗaya. Ban lura ba. Na wuce kai tsaye zuwa ra'ayoyi kamar yadda muka saba.

Guruf ya cika da murna. Wata ta ce Allah ya ƙara. Wata ta ce sai yau ta ji sanyi a ranta. Wata ta ce da ita ce a garin da fetur za ta zuba wa matar, ba ɗakin ba. Ina karantawa ina murmushi.

Baba ya ce, "Ya isa."

Ya lalubi sandarsa ya tashi, bai nemi a riƙe shi ba, ya shiga ɗaki. Inna ta leƙo daga madafa ta kalle ni, kallon da ban fahimta ba a lokacin, ta koma.

Kwana uku bai ce in karanta ba, ni ma ban tambaya ba. Rana ta huɗu da hantsi ana yayyafi, Inna da autarmu sun tafi suna a maƙwabta. Ya kira ni zaure. Na same shi zaune a kan buhun taki, ya haɗa hannuwa a kan sanda.

"Uwata, kin san inda aka haife ni?"

"Ba nan Paki ba?"

"A'a. Wani ƙauye ne kusa da Taba, can ƙasar Kudan. Ina da shekara tara muka baro shi."

Sai ya ba ni labarin, muryarsa ba ta tashi ba, ba ta kuma yi rawa ba. Ya ce mahaifiyarsa mace ce mai fara'a, mai son yara, kullum tsakar gidansu cike da 'ya'yan maƙwabta. Wata damina ɗan maƙwabcinsu ya kwanta da zazzaɓi mai zafi. Cikin surutan zazzaɓi yaron ya riƙa kiran sunanta. Shi ke nan aka ce ita ce ta kama kurwarsa, mayya ce.

"Yaron nan kullum a gidanmu yake cin tuwo. Sunan wa zai kira? Amma ba wanda ya yi wannan tunanin. Aka taru a ƙofar gida. Aka ce ta tuɓe ta tsallaka shi sau uku, ta kuskure baki a ba shi ruwan ya sha, wai ta haka za ta sake shi. Ta rantse, ta yi kuka, ba a saurare ta ba. Ta yi abin da aka ce, a gaban maza da mata. Ina tsaye a jikin rumbu ina kallo. Washegari yaron ya rasu."

Ba a ƙona mata ɗaki ba. Ya ce abin da aka yi mata ya fi wuta daɗewa. Aka daina shiga gidan, aka daina karɓar abu daga hannunta, in ta je rijiya mata su janye 'ya'yansu. Mahaifinsa ya jure wata biyu, sannan ya sake ta. Ta koma gidan yayanta a ƙarshen ƙauyen. Shi kuma ya sayar da gonarsa, ya ɗauki ɗansa suka taho Paki inda ba wanda ya san su, ya ce ko a mafarki kada ya ambaci sunanta.

"Kuma na yarda, uwata. Abin da nake so ki ji ke nan. Ba wai an raba ni da ita ina kuka ba. Na yarda mahaifiyata tana cin mutane. Ina tsoronta."

Bayan shekara biyu ta zo. Ranar kasuwa ce. Da ƙafa ta taho, kwana biyu a hanya. Ta tambaya har aka nuna mata shi, yana tsaron buhunan gyaɗar mahaifinsa. Ta rame, ƙafafunta sun yi futu-futu. Ta durƙusa ta kira shi, ta kwance bakin zanenta ta ciro dakuwa a ƙunshe cikin ganye ta miƙa masa.

"Na ɓoye hannuwana a baya. Ta ce karɓi mana, ni ce. Na ja da baya. Ta daɗe da hannun a miƙe. Sai ta ajiye a kan wani dutse, ta ce in ka ji yunwa. Ta tashi ta tafi. Ban taɓa ba, awaki suka cinye. Ban sake ganinta ba."

Labarin rasuwarta ya iske shi yana saurayi, wata uku bayan an binne ta. A lokacin ya riga ya yi hankali, ya yi karatu wurin malamai, ya ga yara da yawa sun mutu da zazzaɓi ba wanda ya kama su. Ya ce sau da yawa ya yi niyyar zuwa tun tana da rai, kullum sai ya ce bari a gama girbi.

Na ce, "Baba, yaro ne kai a lokacin."

"Na sani. Na faɗa wa kaina haka fiye da shekara sittin. Ɗauko wayarki. Ina so in yi magana da matan nan."

Na yi jinkiri. Ya ji shiru ya ce, "Kullum ke kike faɗa musu abin da na ce. Yau ni zan faɗa." Na danna, na kai wayar kusa da bakinsa. Ya yi sallama, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunayen da ya raɗa musu, ya tambayi mazajensu da yara. Sannan ya ba su labarin a taƙaice. A ƙarshe ya ce shi bai san ko matar littafin kura ce ko ba kura ba ce, wannan marubuciya ta sani. Amma su da suka yi murna, a shafin da suka karanta ba wanda ya ga ta rikiɗa. Zargi kawai aka yi, suka tafa. Ya ce yana roƙonsu, in irin wannan ta taso a unguwarsu, su tuna akwai yaro a tsaye yana kallo.

Na tura. Ban tsaya na jira Inna ta dawo ba. Har yau ina tunanin wannan.

Bayan kusan awa guda saƙonni suka fara shigowa guruf. Mai allura ta turo murya tana kuka, ta ce a wurin aikinta ta sha ganin tsofaffin da 'yan uwa suka gudu suka bari saboda irin wannan zargi. Mai wa'azi ta yi wa kakata addu'a mai tsawo. Wadda ta yi maganar fetur ta goge saƙonta. Wasu suka ce Allah ya ba Baba haƙuri, amma littafi littafi ne, don nishaɗi suke karantawa, kada a ɗora musu laifin da ba su yi ba. Wata kuma ta rubuta cewa a bar zancen tausayi, mayu gaskiya ne, kuma kowa ya san a nono ake shan abin. Na karanta wa Baba duka ban da wannan na ƙarshe.

Marubuciyar ma saƙon ya kai gare ta. Ta nemi lambata ta rubuto mini cikin ladabi. Ta ce ta yi kuka da ta saurara, amma tun farko ta tsara cewa matar kura ce da gaske, ita ta cinye yaron, ba za ta iya canjawa ba labarin zai rushe. Da na faɗa wa Baba ya ce, "Littafinta ne. Ki ce mata na gode da ta amsa." Bai sake cewa in karanta masa ba.

Abin da ban yi tunani ba shi ne saƙon murya ba ya zama inda aka ajiye shi. Waɗanda ya taɓa wa zuciya su suka riƙa tura shi gaba, da kyakkyawar niyya. Cikin mako biyu ya zagayo Ikara, ya shigo Paki. Muryar Baba kuwa ba wanda bai sani ba a garinmu. Wasu dattawa suka zo suka zauna da shi, suka ce Allah ya jiƙanta. Amma wata maƙwabciyarmu da kullum take aiko 'yarta karɓar wuta ta daina.

A lokacin akwai wani saurayi daga Makarfi da ke neman autarmu. Suna son juna, iyayensa sun riga sun kawo gaisuwa, ana maganar sa rana bayan kaka. Sai muka ji shiru. Bayan wata guda kawunsa ya zo, ya yi doguwar gaisuwa, ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce sun ga ya kamata yaron ya ƙara karatu tukuna. Kowa ya gane. Autarmu ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, kwana biyu ba ta ci abinci ba.

Inna ba ta yi wa Baba magana ba, ni ta samu a bayan ɗaki ina wanki.

"Shekara arba'in ina rufe da maganar nan. Ko ke ban faɗa wa ba. Rana ɗaya na fita suna, kin watsa ta duniya."

"Inna, shi ya ce in ɗauka."

"Shi makaho ne, bai san inda abin ke zuwa ba. Ke fa? Ke ba malama ba ce?"

Gaskiya ta faɗa. Na san inda abin ke zuwa, ko ya kamata in sani. Daɗin yadda ake yabon Baba a guruf ya rufe mini ido.

Baba ya kira autarmu ya ba ta haƙuri. Ina jinsu daga tsakar gida. Ya ce, "Na so in sauke kayana, ban san a kanki zai faɗo ba. Ki yafe mini." Ta ce ba komai, Baba, cikin muryar da ke nuna akwai komai.

Da ruwa ya fara janyewa, an koma makaranta, wata Juma'a na dawo ya ce gobe in raka shi ƙauyensu. Inna ta ce jikinsa ba zai ɗauka ba. Ya ce ai shi ya sa zai tafi yanzu. Muka fita da sassafe, mota biyu muka canja, sannan muka hau babura, shi a bayan wani ɗan acaba yana riƙe da rigarsa, ni a bayan wani ina ta cewa a bi a hankali. Hanyar duk rake ne da dawa hagu da dama. Yana ta tambayata me nake gani. Ya ce akwai wata babbar kuka a mashigar gari. Na duba ban ga kuka ba, sai shagon caji da injin niƙa. Na faɗa masa. Ya ce to.

Mai unguwar ƙauyen sa'ana ne ko ya girme ni kaɗan, bai san zancen ba. Ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kai mu wurin wata tsohuwa da ya ce ta fi kowa daɗewa a garin. Muka same ta tana ɓarar gyaɗa a inuwa. Bayan an gaisa Baba ya faɗi sunan mahaifinsa da na mahaifiyarsa. Tsohuwar ta ajiye ƙwaryar.

"Kai ne yaron da aka tafi da shi?"

"Ni ne."

"Ikon Allah. Ita ke yi mana kitso muna yara, kafin abin ya faru."

Ta ce bayan tafiyarsu, wata 'yar bukka aka yi mata a bayan gidan yayanta. Kaɗi take yi, matar yayan ta kai zaren kasuwa a matsayin nata, don in an san daga hannun wa ya fito ba mai saye. Ta yi shekaru a haka. Da ta rasu mutum biyar ko shida suka yi mata salla. Sannan ta ce, "Mu ma mun jefe ta. Yara ne mu, an ce mana mu jefa."

Baba ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana murza kan sandarsa kafin ya yi tambayar da na san ita ta kawo shi.

"Ta taɓa ambatona?"

Na zuba wa tsohuwar ido ina roƙon Allah ta ce e, ko da ƙarya ne. Ta ce, "Wallahi ban sani ba, ɗan uwana. Ba ma zuwa kusa da ita."

Ta sa jikarta ta nuna mana tsohuwar maƙabarta. An daina binnewa a wurin tuntuni, gonaki sun ci gefe da gefe, abin da ya rage ciyawa ce da 'yan tudunni da ruwa ya kusa shafewa. Ba wanda ya san wanne ne nata. Na tsaya da shi a bakin wurin, dawa ta fi mu tsawo a bayanmu. Ya ce in juya shi ya fuskanci kaburburan. Ya cire takalmi, ya yi musu sallama, ya ɗaga hannu. Ya daɗe ƙwarai. Ban ji abin da yake faɗa ba, kuma na ja baya don kada in ji. Da ya shafa ya ce mu tafi, rana ta yi.

A mota, da muka kusa Makarfi, ya juyo wajena. Ya ce, "Gara da ta faɗi gaskiya. Da ta ce e, da na gane."

Bai ƙara wata biyu ba. An gama yankan dawa, wata safiya Inna ta kai masa koko ta tarar gefen jikinsa ya saki, bakinsa ya karkace. Kwana shida ya yi bai iya magana ba, ya cika ranar Laraba da hantsi. Mutane sun zo jana'iza sosai, har da maƙwabtan da suka janye. Na fita daga guruf a makon, ban yi sallama da kowa ba. An ce littafi na huɗu ya fito, har da na biyar.

Autarmu ta yi aure bayan shekara biyu, mijin wani malamin asibiti ne a Kudan, ya san zancen tun farko bai damu ba. Tana zaune lafiya. Muna gaisawa, muna zumunci, amma ba ta kirana ta ba ni labarin cikinta kamar da, kuma ban ga laifinta ba.

Tun kafin wannan, ranar da Inna ta fita takaba, bayan mata sun watse, muka zauna mu biyu muna gyaran kwanonin da aka ara. Na sake ba ta haƙuri. Ta ɗauki wani murfi tana gogewa, ta ce, "Kin san babanku da bakinsa ya faɗa wa mahaifina, tun kafin a ɗaura? Ba wanda ya tambaye shi. Ya zo ya durƙusa ya ce ga abin da aka ce a kan uwarsa, in za a hana shi a hana shi yanzu. Gidanmu aka rabu biyu. Gwaggona ta ce sai dai bayan ranta."

"To ya aka yi?"

"Mahaifina ya kira ni ya ce kin ji, me kika ce? Ina 'yar yarinya, ko ɗaga kai ba na iyawa a gabansa. Na ce ni dai shi nake so." Ta kifa murfin a kan kwano. "Ban taɓa yin rashin kunya irin ta ranar ba."

Ta ce in ƙirga faranten gidan liman in ware su daban, gobe da safe a mayar musu.